Amsoshin Wasiƙunku: Hawan Keke a Titunan Birnin Kano

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, kuma kekunan da suka daɗe a jingine cikin soraye suka fara dawowa kan titi. Wasiƙun da suka shigo wannan fili a 'yan makonnin nan sun nuna haka, domin da yawa daga cikinsu kan keke suke magana. Mun zaɓi wasu daga ciki, mun taƙaita su yadda fili zai ɗauka, ga kuma amsoshinmu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Ɗorayi, ina aiki a Sakatariyar Audu Baƙo. Kuɗin A Daidaita Sahu na zuwa da dawowa yana cinye kaso mai tsoka na albashina, har na fara tunanin sayen keke. Abin da ke hana ni shi ne gudun raini a wurin abokan aiki, da kuma isa ofis sharkaf da gumi. Shin shawara ce mai kyau, kuma wane irin keke ya dace in saya? Daga wani magidanci a Ɗorayi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawara ce mai kyau, kuma Kano na cikin garuruwan da Allah ya sauƙaƙa wa mai keke, domin ƙasarta shimfiɗaɗɗiya ce, in ban da kewayen Dala da Goron Dutse ba ka da wani hawa da zai sa ka sauka ka tura. Mutum mai matsakaicin ƙarfi, ba tare da ya matsa wa kansa ba, yana cin kilomita 12 zuwa 15 a cikin sa'a guda, wato tafiyar kilomita goma ba za ta kai shi sa'a ɗaya ba, kuma a lokacin cunkoson safe sau da yawa yakan riga wanda ya tsaya jiran ɗan sahu isa wurin aiki.

Batun raini kuwa sabon abu ne a garin nan. Dattawan da suka yi aiki a shekarun 1960 da 1970 za su shaida maka cewa malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan asibiti a kan keke suke zuwa aiki, kuma mai sabon Raleigh a wancan zamani mutum ne da ake yi wa kallon ya samu rufin asiri. Kamfanin Raleigh har masana'antar haɗa kekuna ya kafa a Bompai saboda yawan masu saye. Zuwan babura masu araha da arhar man fetur ne suka mayar da keke abin hawan wanda ba shi da yadda zai yi, kuma arhar da ta haifar da wannan kallo ta riga ta wuce. A ganina magidancin da ya tsare kuɗin cefanen gidansa ta halastacciyar hanya ya fi cancanta a girmama shi a kan wanda ke cin bashi domin kada a gan shi a kan sirdi.

Gumi yana da magani. Ka fito da wuri, kafin rana ta ɗaga, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke kaiwa maki 40 a ma'aunin Selsiyas, ka tuƙa a hankali, ka sa rigar aikinka a jaka ka ɗaure a kariya maimakon ka goya ta a baya, domin jakar baya ce ke jiƙa riga. Idan kaftani kake sawa, ka tattare ƙasansa, ka kuma ɗaure ƙafar wandon dama, saboda sarƙa ba ta barin tufa idan ta kama ta, kuma tana iya kayar da kai.

Game da irin keken, masu ƙirar da, irin su Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya, suna da nauyi amma suna jure kaya da ramuka, kuma babu unguwar da za ka rasa mai gyaransu ko kayansu. Kekunan gwanjo masu giya da ake shigowa da su sun fi sauƙin tuƙi, sai dai wasu kayan gyaransu na wahalar samu, don haka ka tambayi mai gyaran keke na unguwarku kafin ka biya, in da hali ma ka tafi da shi kasuwa. Ku ɗaga keken ku juya wili ku ga ko yana karkacewa, ku matsa birkin gaba da na baya ɗaya bayan ɗaya, ku girgiza feda ku ji ko tana lilo, sannan ku duba mahaɗar ƙarafan jikin keken ko akwai tsagewa ko walda da aka rufe da sabon fenti. Keken da jikinsa ya taɓa karyewa kada ka saya komai arharsa. A ƙarshe ka hau ka daidaita sirdi yadda idan feda ta kai ƙasa ƙafarka za ta kusa miƙewa, domin sau da yawa ciwon gwiwar da ake ɗora wa keke daga gajeren sirdi yake.

Tambaya: Ina kasuwanci a Kantin Kwari, kuma daga Kurna nake zuwa da keke kullum. Tun ina yaro aka koya mini in riƙa bin hannun da motoci ke fuskanto ni, wai don in ga abin da ke tahowa. Kwanan nan wani ɗan sahu ya fito daga lungu ya kusa take ni, kuma da muka yi cacar baki sai mutane suka ba ni rashin gaskiya. Wane ne mai laifi a tsakaninmu? Daga wani ɗan kasuwa a Kurna.

Amsa: Alhaji, mun gode wa Allah da ya tsare, amma gaskiya ɗaya ce, mutanen da suka ba ka rashin gaskiya ba su zalunce ka ba. Wannan koyarwa ta bin kishiyar hannu ta yaɗu ƙwarai a tsakanin masu keke, kuma tana cikin abubuwan da suka fi jefa su cikin haɗari, shi ya sa zan ɗan tsawaita a kanta. Asalinta shawara ce da ake bai wa mai tafiya a ƙafa a hanyar da ba ta da gefen masu ƙafa, domin shi yana iya tsallakewa gefe da taku ɗaya. Mai keke matuƙi ne, abin hawa yake kai, kuma tun da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilun 1972, hannun dama ne nasa kamar yadda yake na mai mota da mai babur.

Dalili na farko lissafi ne. Idan mota tana gudun kilomita 50 a sa'a, kai kuma kana gudun 15, kuna bin hannu ɗaya, tana cim maka ne da gudun 35, direban yana da lokacin ganinka ya rage wuta ya kauce. Idan kuwa kuna fuskantar juna, gudun ya zama 65, lokacin kaucewa ya ragu, ƙarfin karon kuma ya ƙaru ninki-ba-ninki. Ganin motar da ke tahowa ba ya amfanar ka da komai idan ga kwata a gefe ɗaya, ga layin motoci a ɗaya gefen.

Dalili na biyu shi ne ainihin abin da ya same ka. Direban da zai fito daga lungu ya hau babban titi ya yi dama, hagu yake dubawa, domin daga can ababen hawa ke zuwa masa. Da ya ga sarari sai ya taka, ba tare da ya waiwayi damansa ba, kai kuma daga daman kake fitowa. Ɗan sahun nan bai gan ka ba ne saboda ka zo ta inda babu wanda ke tsammanin abin hawa. Haka mai tsallaka titi da ƙafa, da mai buɗe ƙofar mota, da yaron da aka aika, duk ɓangare ɗaya suke dubawa.

Tunda hanyarka ta Titin Katsina ce, bari in ƙara da abin da ya shafi zama da A Daidaita Sahu. Tun da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, 'yan sahu ne suka cika titunan birni, kuma sana'arsu ta gefen titi ce: idon matuƙin yana kan fasinja, da zarar an ɗaga masa hannu zai karyo dama ya tsaya, sau da yawa ba sigina. Saboda haka kada ka bi bayansa kurkusa, kada kuma ka kutsa tsakaninsa da bakin titi, domin nan ne zai faɗo, nan ne kuma fasinja zai sauko. Ka bar tazarar da za ta ishe ka taka birki, ka waiwaya, ka miƙa hannu, sannan ka wuce shi ta hagu idan hanya ta ba ka. Ka riƙa kallon tayarsa ta gaba, domin ita ce ke fara nuna inda zai nufa kafin sauran jikin ya juya.

Akwai kuma kuskuren da tsoro ke jawowa, wato manne wa bakin kwalta. A can ne yashi ke taruwa, da fasassun kwalabe da ƙusoshi da bakin kwalbatin da murfinsa ya ɓace, kuma wanda ya manne a can ba shi da wurin kaucewa, sai ya yi ta shiga yana fita cikin layin motoci ba zato ba tsammani. Ka bar kamar mita ɗaya tsakaninka da bakin titi ko motar da aka ajiye, ka miƙe a kan layi ɗaya yadda na bayanka zai iya karanta tafiyarka. Direba ya fi iya kauce wa wanda ya gani sarai ya kuma san inda ya dosa.

Manyan motoci su ne abin da nake roƙon kowane mai keke ya ji tsoronsu. Direban tirela ko tifa yana zaune a hagu, a sama, kuma akwai fili mai faɗi a damansa da daf da gabansa wanda ba ya gani ko da madubi. Idan zai karya kwana ya yi dama, yakan fara buɗewa hagu, sai ka ga kamar ya ba ka hanya, alhali tayoyin baya za su yanko su share wurin da kake tsaye. Duk inda ka tarar da babbar mota a mahaɗa ko a danja, ka tsaya a bayanta, ka bar ta ta gama juyawa. A manyan shataletale da gadojin sama da na ƙasa, irin na Ƙofar Nassarawa da Kabuga da Dangi, waɗanda domin gudun mota aka tsara su, babu abin kunya idan ka bi hanyar gefe, ko ka sauka ka tura kekenka ka tsallaka tare da masu ƙafa.

Tambaya: Ni mai gadi ne a wata masana'anta a Sharaɗa, ina fita bayan magariba, wani lokaci kuma ina dawowa kafin gari ya waye. Kekena yana da fitilar dainamo. Ta wadatar? Daga wani mai gadi a Ja'en.

Amsa: Baba, ba ta wadatar ba. Tsohuwar fitilar dainamo tana mutuwa da zarar ka tsaya, wato a mahaɗa, inda ka fi buƙatar a gan ka, kuma tana haska gabanka ne alhali abin da zai buge ka da dare yana iya zuwa daga baya. Ka nemi ƙananan fitilu masu caji guda biyu, fara a gaba, ja a baya, ka liƙa leda mai ƙyalli a marfin tayar baya da feda, ka kuma ɗora riga mai ƙyalli irin ta masu aikin titi a kan tufafinka. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya sauko, ka bar fitilun a kunne ko da gari ya waye, ka rufe hanci saboda ƙura, amma kada ka naɗe kunnuwanka da rawani ko hular sanyi har ka daina jin ƙarar mota. Da damina kuma ka sani cewa birki ba ya kamawa da wuri a kan jiƙaƙƙen wilin ƙarfe, don haka ka fara matsawa tun da nisa, kuma kada ka shiga ruwan da ya kwanta a titi ba ka ga ƙasansa ba.

Tambaya: Ɗana ɗan shekara goma sha biyu ya dame ni in bar shi ya riƙa zuwa makaranta da keke kamar abokansa. Mahaifinsa ya yarda, ni kuwa zuciyata ta ƙi kwanciya. Me kuke gani? Daga wata uwa a Gyaɗi-Gyaɗi.

Amsa: Hajiya, fargabarki a kan hanya take, amma hanin da ba a haɗa shi da koyarwa ba yakan ƙare ne da yaro ya ari keken aboki a ɓoye. Abin dubawa shi ne hanyar da zai bi da kuma natsuwarsa, fiye da yawan shekarunsa. Idan makarantar tana cikin unguwa, ana iya kai wa gare ta ta layuka, to yaro mai wannan shekaru zai iya. Idan kuwa sai ya hau Titin Zariya ko Titin Gidan Zoo a lokacin cunkoso, ina ganin a dakata, ko a nema masa wata hanyar ko da ta fi tsawo, domin yara ba su gama ƙwarewa wajen kimanta gudun mota da nisanta ba.

Kafin a sake shi, mahaifinsa ko wani yayansa ya bi shi a baya a kan hanyar makarantar na 'yan kwanaki, ya ga ko yana iya waiwayawa ba tare da keken ya karkace ba, ko yana iya sakin hannu ɗaya ya yi nuni, ko yana tsayawa cak a bakin layi kafin ya shiga titi. A saya masa keken da ya yi daidai da tsawonsa, wanda zai iya dire ƙafa ƙasa ya kuma kai yatsu ga birki. Al'adar saya wa yaro babban keke wai don ya girma da shi, har ya riƙa zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya yana tuƙi a karkace, tana kayar da yara da yawa. A gindaya masa sharuɗɗa tun ranar farko: ba goyo, ba tsere da abokai, ba abin jin waƙa a kunne, sannan ba kama bayan mota ko ɗan sahu don su ja shi, wanda shi ne mafi muni a cikin wasannin da yara ke yi a titi.

Ki dage a kan hular kwano, ko da abokansa za su yi masa dariya. Ta keke ba ta da nauyi kamar ta babur, tana da ramukan shan iska, kuma ba ta da amfani sai an ɗaure igiyarta a haɓa. Ba ta hana haɗari, amma tana rage munin rauni a kai, kuma wadda ta riga ta bugu da ƙasa sau ɗaya sai a sauya ta. Idan ya faɗi kansa ya bugu, Allah ya kiyaye, sai ya fara amai ko yawan barci ko rikicewar magana, a garzaya da shi asibiti nan take ko da babu jini a waje. Ku kuma ajiye lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wato 122, a wayoyinku.

Tambaya: Mu matasa ne da muke haɗuwa wurin mai facin unguwarmu, kowa da kekensa. An sace wa biyu daga cikinmu kekuna, ɗaya a ƙofar masallaci, ɗaya a kasuwa. Muna tunanin kafa ƙungiya, amma wasu na cewa ɓata lokaci ne. Ina mafita? Daga wasu matasa a Fagge.

Amsa: Samari, Allah ya mayar da alheri. Makullin da ke zuwa manne da tayar baya yana hana tuƙa keke ne kawai, ba ya hana a ɗauke shi cak a jefa cikin ɗan sahu. Ku nemi sarƙa mai kauri da kwaɗo mai kyau, ku zura ta cikin jikin keken da tayar baya, ku ɗaure da turken ƙarfe ko wani abin da ba ya motsi, a wurin da idon jama'a yake. Kowa ya rubuta lambar da aka buga a jikin ƙarfen kekensa, wadda galibi takan kasance ƙarƙashin inda feda ke juyawa ko kusa da gindin sirdi, ya ɗauki hoton keken, ya adana rasit, domin da su ne za ku iya kai ƙara wurin 'yan sanda ku kuma tabbatar da kayanku idan aka gan shi. Ku ma kada ku sayi keken da mai shi ya kasa faɗin inda ya samo shi, saboda masu sayen irin wannan ne ke raya satar.

Ƙungiya kuwa ba ɓata lokaci ba ce, kuma kun riga kun fara ta tunda kuna da wurin haɗuwa. Masu A Daidaita Sahu da direbobin haya da 'yan kasuwa duk suna da shugabannin da ake kira idan za a yanke hukuncin da ya shafe su, masu keke kuwa, duk da yawansu, kowa gabansa yake ci, shi ya sa ake shimfiɗa titi a gama ba a ware musu ko taku ɗaya ba. Ku fara da abin da ke hannunku. Ku yi ɗan asusu na mako-mako da za a riƙa tallafa wa wanda aka yi wa sata ko ya ji rauni, ku sayi famfo da sifanu da kayan faci na haɗin gwiwa, ku roƙi mai facin ya koya muku gyaran birki da ɗaurin sarƙa, ku kuma riƙa fita tare da safiyar ranar hutu, manya a gaba da baya, ƙanana a tsakiya, domin sababbin hawa su koyi titi a cikin jama'a.

Daga nan sai ku je wurin mai unguwa da kwamitin masallacin Juma'a da shugabannin kasuwa ku nemi a kafa turakun ƙarfe na ɗaure kekuna a inda mai gadi ke gani, aikin da maƙerin walda zai gama cikin yini guda. Idan kun yi rajista kun samu suna, za ku iya rubuta wa KAROTA, wadda aka kafa a 2012 domin kula da zirga-zirga a jihar, da Hukumar Kiyaye Haɗura, ku nemi a zo a wayar da kan mambobinku, ku kuma nuna musu mahaɗun da suka fi cutar da masu keke a yankinku. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya tun daga 2018, kuma Hukumar Kiyaye Haɗura takan yi gangamin hawan keke a ranar, don haka lokaci ne mai kyau na miƙa takardarku. Ku rubuta ta a taƙaice, ku ambaci sunan titi da mahaɗa da abin da kuke so a gyara, kowane mamba ya sa hannu, ku kuma riƙe kwafi mai hatimin ofishin da ya karɓa domin ku samu abin bibiya da shi.